Kitsen Rago a Madadin na Sa: Tarihin Sauya Kitse a Tukunyar Sabuni



Kwana huɗu bayan sallar layya, wata uwa daga cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantarmu ta same ni a ƙofar gida, riƙe da wata takarda da ta sha ninki. Bayan gaisuwa ta ce: "Mushe, ga ƙa'idar da aka rubuta mana wajen horo. An ce kilo ɗaya na kitsen sa. Mu kuwa na rago ne cike da roba tun ranar yanka. In mun zuba shi a madadin wancan zai yi, ko za mu sake abin bara waccan?"

Abin bara waccan ba wanda ya manta da shi a cikinmu. A shekarar mai ya yi tsada, matan suna da wata takarda da aka rubuta don man alayyadi, sai suka sayo kitse wajen mahauta suka zuba a gurbinsa, suka bar awon soda yadda yake. Sabuni ya fito fari tas, da tauri, gwanin sha'awa. Muka ajiye shi a wurin wanke hannu na bakin azuzuwa. Ba a yi mako guda ba ƴan CI da CP suka fara gudun wanke hannu, wasu har da kuka, fatar yatsunsu ta bushe ta tsattsage. Dole muka zubar da shi duka. Kuɗin karo-karon matan ya tafi, kunya kuma ta hana wasunsu zuwa taro har tsawon watanni. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Sun dai ɗauka mai mai ne, kitse kitse ne.

Na ba ta amsa a ranar, zan kuma kawo ta a ƙasa. Amma tambayar tata tsohuwa ce ƙwarai, domin tun da ɗan Adam ya fara dafa sabuni yake cire wani kitse yana sa wani. Har hatsi da gujiyar ƙasarmu sun shiga cikin labarin.

Kitsen akuya da toka

Masu tonon tarihi sun samu allunan laka a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suka haura shekara 4000, da ke bayanin haɗa mai da toka don wanke ulu. A Masar ma, wani littafin magunguna na wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ambaci cuɗa kitsen dabba da man tsiro da gishiri mai kaifi irin kanwa. Daga baya, wajen shekara ta 77 miladiyya, marubucin Rumawa Pline ya ba da labarin Golawa, waɗannan da aka sa iyayenmu haddacewa a lakwal wai su ne kakanninsu. Ya ce suna haɗa kitse da toka su shafa a gashi ya yi ja, kuma a wurinsu kitsen akuya ne ya fi. Ke nan tun wancan zamani an san kitsen wannan dabba da na waccan ba ɗaya ba ne.

Sunan kansa ya yi tafiya mai nisa. Rumawa sun ce sapo, Larabawa suka ce sabun, Faransawa savon. Mu a nan muna cewa sabuni, mutanen Kano sabulu, Zabarmawa safun. Ta bakin Larabawa kalmar ta iso mu, kamar yadda alƙalami da takardu suka ƙetaro hamada.

Larabawan Sham su suka yi babban sauyi na farko. A Halab da Nabulus zaitun ya fi dabba yawa, sai suka bar kitse suka koma man zaitun. Tokarsu ta wani tsiro ce mai gishiri da suke kira al-ƙali, suna ƙara mata farar ƙasa ta ƙara kaifi. Sabuninsu ya fito da tauri, ba ƙarni, ana iya ɗora shi a raƙumi a kai shi ko'ina. Sana'ar ta ƙetara teku zuwa Andalus da Italiya da birnin Marsai na Faransa. A 1688, zamanin sarki Louis na 14, aka kafa doka a Marsai cewa man zaitun zalla za a yi amfani da shi, an haramta kitse. Doka ba ta hana abin da ba a yi. In har sarki ya sa hannu, to masu tukwane suna ta sakaɗa kitse mai arha a ɓoye ne suna sayarwa da sunan zaitun.

Tukunyar kakanninmu

A ƙasar Hausa ba mu jira kowa ba. Sabunin salo namu ne, kuma na ga yadda ake yin sa a tsakar gidan kakata. Bayan kaka, in an gama sussuka, sai ta tara karan hatsi ta ƙone, ta zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, ta shimfiɗa ciyawa, ta riƙa tsiyaya ruwa a kai. Ruwan tokar da ya ɗiga a ƙasa shi take dafawa har ya kafe ya yi ƙarfi. Sannan ta kawo kitse.

Wane kitse? Wanda Allah ya hore. In bayan layya ne, na rago. In mahauci ya yi mata ragi ran kasuwa, na sa. Wata shekara na akuya, wata shekara ragowar man gujiya daga wajen masu ƙuliƙuli, in kuma fatake sun zo daga kudu, man kaɗe. Ba ta taɓa riƙe sikeli ba, ban kuma taɓa jin sabuninta ya ci hannun kowa ba.

Na daɗe ina tambayar kaina dalili, sai da na shiga makarantar horon malamai na gane. Abu biyu ne. Na farko, ruwan toka ba shi da ƙarfin sodar kanti. Na biyu, kuma shi ne babba, ita a kan wuta take aikinta, wuni guda tana juyawa da muciya. Lokaci zuwa lokaci sai ta ɗebi kaɗan ta murza a yatsu, ta taɓa a bakin harshe. In ya yi mata yaji, ta ƙara kitse. In ya yi maiƙo, ta ƙara ruwan toka. Duk kitsen da ta zuba, tukunyar ce ke gaya mata abin da ya rage. Saboda haka sauya kitse bai taɓa zama matsala a wurinta ba. Sabunin kan fito baƙi, da laushi, a cura shi dunƙule-dunƙule, domin sinadarin da ke cikin tokar kara ba ya ba da sandar sabuni mai tauri kamar soda.

Wanda ba shi da ko kitsen ma ba a bar shi ba. Saiwa da ɓawon aduwa suna kumfa in an daka su, kuma da su talaka ya daɗe yana wanke riga.

Yadda harshe ya koma sikeli

A Turai toka ta yi kaɗan, saboda ana ta sare daji. A 1791 wani likita Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya samu hanyar fitar da soda daga gishirin miya. Juyin juya halin Faransa ya ƙwace masana'antarsa, ya mutu cikin talauci a 1806, amma hanyarsa ta cika Turai da soda mai arha. Daga nan aka daina neman toka, aka koma neman kitse.

Sai Michel Chevreul, wani masanin sinadarai da ya rayu shekara 102. Ya shafe fiye da shekara goma yana binciken kitsen rago da na sa da na alade da man shanu, ya wallafa sakamakonsa a 1823. Ya nuna cewa kowane kitse haɗi ne na gilisarin da wasu sinadarai masu tsami, kuma waɗannan sinadaran sun bambanta daga dabba zuwa dabba. In soda ta shiga, sai ta kama masu tsamin su zama sabuni, gilisarin ya ware. Kowane kitse kuma yana da iyakar sodar da zai iya ci. Abin da ya wuce nan yana zaune cikin sabunin da kaifinsa.

Ga misalin da nake ba ƴan CM2. Kilo ɗaya na hatsi da kilo ɗaya na wake nauyinsu ɗaya, amma ƙwayoyin hatsi sun fi yawa nesa ba kusa ba. Haka kitse yake. Man shanu da man alayyadi ƙwayoyinsu ƙanana ne, suna da yawa a cikin kilo, kowace kuwa da rabonta na soda, don haka suna cin soda da yawa. Kitsen rago da na sa ƙwayoyinsu manya ne, ba su kai wancan yawa ba, sai su ci kaɗan.

Wanda ya mai da wannan lissafi shi ne Josef Köttstorfer, a 1879, kuma ba sabuni ya sa shi ba. Shekara goma kafin nan, a 1869, an ƙirƙiro margarin a Faransa daga kitsen sa, sai ƴan kasuwa suka fara gauraya shi da man shanu suna cutar masu saye. Köttstorfer ya ga cewa in an auna yawan sinadarin da kitse ya ci, za a gane man shanu na gaskiya da na algus. Lambar da ya fito da ita don kama maha'inta ita ce masu sabuni na duniya duka suke aiki da ita har gobe.

Man ja, gujiya da jirgin Kano

A 1853 Ingila ta soke harajin sabuni, talakawa suka fara saye, kitsen shanu da na tumaki ya kasa isa. Idon Turawa ya juyo Afirka ta Yamma. Man ja na bakin teku ya riga ya fara tafiya Libaful tun bayan da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807. Wajen 1885 William Lever ya fito da sabunin Sunlight, wanda ya rage kitse a cikinsa ya ƙara man tsiro irin alayyadi, ya fi na sauran kumfa. Neman mai ya kai shi Kwango a 1911, inda aka tilasta wa mutane hawan kwakwa a gonakin kamfaninsa. A 1920 ya saye kamfanin Neja, wanda ke da kantuna a Arewacin Najeriya. Daga wannan gida Unilever ta fito.

Marsai ma, mai dokar zaitun zalla, ta saki dokarta. Zaitun bai isa ba, sai ta koma gujiyar Senegal da man ja da man kwakwa. Lambar 72% da ake bugawa a jikin sabuninta yawan mai take nufi, ba ta ce wane iri ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gujiya ta samu hanyar teku, noman ya bazu har Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai. Harajin Nasara da kuɗi ake biyan sa, gujiya kuwa ita ke kawo kuɗin. Bayan ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don cinikinta, kuma ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa kafin yuraniyom na Arlit ya karɓe. Mafi yawan man don girki ake tatsar sa, wani kaso ya shiga tukunyar sabuni. Manomi ya sayar da buhun gujiya, ya ɗauki kuɗin ya sayi sandar sabuni a kanti, ya kai wa matar da ta iya dafa nata. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975, suka karya wannan kasuwa, amma sabunin kanti ya riga ya zauna. Mu da Lavibel na Yamai muka tashi, sabunin salo ya zama na tsofaffi da masu ƙuraje.

Ko a Turai sauyin bai tsaya ba. A yaƙin duniya na farko kitse ya yi wa Jamus wuya, har masananta suka haɗa abin wanki wanda babu kitse a cikinsa a 1916. Shi ne kakan garin omo da ke cikin gidajenmu.

Soda ta shigo tsakar gida

Ina kwaleji aka karya darajar sefa da rabi, a watan Janairun 1994. Kayan kanti suka yi tashin gwauron zabi. Ina tune da yadda mahaifiyata ke yanka sandar sabuni gida huɗu tana ɓoye uku. Daga wannan lokaci ne na fara ganin ƙungiyoyin mata suna koyon sabuni a unguwarmu, amma ba irin na kakata ba. Sabuwar hanya ba ta son wuta mai yawa. A jiƙa soda, a narka kitse, a haɗa, a juya, a zuba a akwati. Ta fi sauƙi, ta fi sauri, sabunin ya fi kyan gani.

Sai dai a wannan hanya ba a ɗanɗanawa, ba a gyarawa. Abin da aka zuba shi ke nan. Matanmu sun gaji al'adar kakanni ta zuba duk kitsen da ya samu, suka kuma karɓi sodar masana'anta wadda sai da awo. Ɗaya daga can, ɗaya daga nan, ba a haɗa musu da lissafin da ke tsakani ba. Abin da ya ci hannun ƴan CI ɗinmu ke nan.

Ga lambobin, a kan kowane kilo ɗaya na kitse tatacce. Sukan ɗan motsa kaɗan daga wannan jadawali zuwa wancan, amma a nan suke yawo:

Kitsen sa: soda wajen giram 140.
Kitsen rago ko na akuya: wajen giram 138.
Kitsen alade: wajen giram 138 zuwa 141.
Man gujiya: wajen giram 136.
Man ja: wajen giram 141.
Man kaɗe: wajen giram 128.
Man shanu: wajen giram 160.
Man alayyadi: giram 160 zuwa 175.

Duk mai ido ya ga amsar. Tsakanin sa da rago da akuya giram biyu ne kacal, ana iya sauya wannan da wancan ba fargaba. Haka in wani ya samo ƙa'ida daga littafin Turawa ko intanet an rubuta kitsen alade, wanda ba ya shiga gidajenmu, ya sa na sa ko na rago a gurbinsa, awon sodar ya yi daidai. Bambancin a jikin sabunin zai fito. Na rago ya fi tauri da daɗewa, sai dai kumfarsa kaɗan ce, yana da ƙarni in ba a wanke kitsen da kyau ba. Na sa tsaka-tsaki ne. Na kaji da laushi yake, ba ya tsayawa shi kaɗai. Masana'antu sun daɗe suna haɗa kashi huɗu na kitse da kashi ɗaya na man kwakwa ko alayyadi, don a samu tauri da kumfa tare.

Haɗarin yana wurin masu nisa da juna. Matanmu sun zuba sodar alayyadi a kan kitse, ke nan kowane kilo ya bar fiye da giram 20 na soda ba abin da za ta ci sai fatar yaro. A kilo goma, fiye da giram 200. In kuma aka sa man shanu a awon kitsen sa, sodar za ta gaza da giram 20, sabunin ya fito da laushi da maiƙo. Ko an cika masa awon ma warin man shanu ba ya barin sa, gara a bar shi a tuwo. Kama da wane ba wane ba ne.

Ga iyaye masu son sanin abin da ke cikin sabunin kanti, a duba bayan kwali. Sodium tallowate kitsen sa ne ko na tumaki, sodium lardate na alade, sodium palmate man ja.

Abin da ya rage gare mu

Malamai, wannan darasin lissafi ne da ya zo har gida. Na ba ƴan ajina: uwa tana da kilo 3 na kitsen rago da kilo 1 na man kaɗe, soda nawa za ta auna? Uku sau 138 ya ba da 414, a ƙara 128 ya zama 542. Masu sana'a kan rage biyar cikin ɗari don sabunin ya yi sanyi a fata, ke nan a cire 27, saura giram 515. Yaran da ke hamma in an ce règle de trois sun yi shi cikin minti goma, wata yarinya ma ta kwafe jadawalin ta kai wa innarta.

Iyaye kuma, a auna da sikeli, a bar gwangwanin tumatir, domin kitse narkakke da daskararre ba su cika gwangwani daidai ba. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ba a aiki da tukunyar alminiyom, soda na cin ta. A sa safar hannu, a kare ido. A bar sabuni ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin a taɓa shi. Mafi girma duka, ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha, kuma a ƙasashenmu yara da dama sun ƙone maƙogwaro har abada saboda an bar shi a kofi ko robar lemo. A yi aikin sa'ad da yara ba sa gida. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi likita. In a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa.

Uwar nan ta koma da amsarta. Sun tafasa kitsen ragon sau biyu da ruwa da gishiri har ƙarnin ya tafi, suka aro sikelin mai kanti, ɗiyarta ƴar CM2 ta yi musu lissafi a allo. Sabunin yana kan tabarma a ɗakin ajiya, kuma mun yi alkawari ni zan fara wanke hannu da shi a gaban yara ranar komawa makaranta.

Allah ya sa albarka a sana'ar iyayenmu mata, ya tsare mana yaranmu. Wanda ke da tsohuwa a gida da ta iya sabunin salo, ya zauna kusa da ita ran da za ta ɗora tukunya, da littafi da biro a hannu.